Kwalba Ta Huɗu

Karo na tara ke nan Dakta Rhonda Vassallo tana leƙa madubin bincike mai ƙara girman abu, kuma korayen ɗigo-ɗigon nan suna nan a kwalba ta huɗu. A birnin Adelaide aka yi wannan, a shekarar da aka yi doguwar gobarar daji, ko wadda ta biyo bayanta. Shekaru sun fara cakuɗe mini.

Shekara biyu ta yi tana haɗa wani sinadarin garkuwa daga jinin zomo. Aikinsa ɗaya ne: ya manne wa furotin da ke taruwa a inda zaren DNA ya tsinke, sai wurin ya yi kore. A jinin mai lafiya bai kamata a ga komai ba sai ɗigo ɗaya ko biyu. Kamar yadda aka saba, ma'aikatan ɗakin binciken su biyar, har da ita, suka ba da jininsu don gwaji. Kev Tuckey, mai kula da kayan aiki, ya sa wa kwalaben lamba, ya rufe sunayen a ambulan.

Huɗu sun fito fes. Ɗaya ta cika da kore kamar ciyawar filin wasan kurket. In sinadarin ne ke ƙarya, aikin shekara biyu ya tafi a banza.

Rhonda ta canza ruwan wanki, ta canza gilashi, ta zargi firij, wanda ƙofarsa ma ta bar mata tabo a hannu ya ƙi ɓacewa. Ta daina hawa bene ta matakala, wai ɓata lokaci ne. Wajen shayin safe Kev yana tsokanarta cewa zomon ya fi ta ƙiba yanzu, ita kuma ta ce masa ya ci biskit ɗinsa ya ƙyale mutane.

Da aka gwada da jinin zomo na biyu, kwalba ta huɗu ta sake yin kore. Sinadarin gaskiya yake faɗa. Ta zauna a kujera, ba ta ma da ƙarfin yin murna, domin ma'anar abin ita ce wani a cikinsu ba shi da lafiya, kuma bai sani ba.

Ba ta yi dogon tunani a kan ko wane ne ba. Tsoho Farfesa Ockenden, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya shekara arba'in yana zuƙar lofe, tarinsa kuma ana jin sa tun daga wurin ajiye motoci. Shi ya ɗauke ta aiki lokacin da kowa ya ƙi. Ta yi kwana uku tana tsara yadda za ta gaya masa, har ta samo masa sunan likita ta rubuta a takarda.

Ranar Alhamis da hantsi ta tare Kev a ɗakin shayi.

"Buɗe ambulan ɗin, Kev. Na san tsohon ne, amma ina so in gani kafin in tayar masa da hankali."

Kev ya buɗe. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya jawo kujera ya tura gabanta.

"Rhonda, ƙawata, zauna tukuna," ya ce. "Tsohon shi ne lamba biyu. Wannan sunan likitan da ke hannunki, kar ki yar da shi."