Rumbun Ya'u Bai Kai Marka Ba

Kwana ashirin da saukar ruwan shuka, Ya'u ya hau rumbunsa a Likoro, ya ɗaga jinka ya leƙa ciki. Damin dawa huɗu ne kwance a ƙasa, sauran duk ƙaiƙayi da kashin ɓera. Geron da ke fara ceton mutane kuwa sai nan da wata biyu da rabi. Ga baki shida a gida: shi, da matarsa Hajo, da tsohuwarsa, da yara uku.

Mai karatu, kada ka ce damina ce ta cuce shi. Wannan shekara ta biyu ce da samun mulkin kai, kuma kakar da ta wuce Ya'u dami sittin ya zuba a rumbun nan. Tun ranar Hajo ta gaya masa, in kowane dami ya yi kwana biyar, za su riski sabon gero har da ɗan saura.

Ciyayya ce ta kai shi ƙasa. Kullum bayan magariba mazan unguwa kan zauna a ƙofar gidan Baba Sa'idu, dattijon unguwar, kowa a kawo masa tuwo daga gidansa a ci tare. Ran nan Tukur, abokin wasansa, ya buɗe akushin Ya'u ya ce, "Wannan na yaye ne, ko an manta sauran a tukunya?" Aka yi dariya aka wuce wurin. Ya'u ne kaɗai bai wuce ba.

Ya shiga gida yana huci. "Daga yau akushi uku za a riƙa fitar mini, kowanne a cike."

"Malam, rumbun fa ba rijiya ba ne," in ji Hajo. "In muka yi haka ba za mu kai marka ba."

"Ke kika noma, ko ni?"

Dami ya koma kwana uku. Abin da ya rage a akusa, maimakon a yi ɗumame da safe, sai a zuba wa awaki, don a ganin Ya'u ɗumame ba abincin gidan wadata ba ne. Kuɗin auduga kuwa tuni sun bi babbar riga da tsiren kasuwar Makarfi. Aka fara ce masa mai akushi uku, shi kuwa har tafiyarsa ta canza.

Yanzu ga shi ya sauko daga rumbu. Hajo na duban fuskarsa ta gane.

"Nawa ne?"

"Huɗu."

Ba ta ce ai na faɗa ba, shi ne ma ya fi yi masa ciwo. Ta ƙara rage awo, ta shiga cika tukunya da ganyen tafasa da rama, har dami huɗun nan suka yi wata guda. Aka sayar da awakin, amma hatsi ya riga ya ninka uku a kasuwa, kuɗin ba su je ko'ina ba. Ranar da ƙaramin yaron ya wuni yana kukan yunwa, Ya'u ya ajiye girman kai ya tafi wurin Baba Sa'idu. Ya durƙusa, aka daɗe ana gaisawa kafin maganar ta iya fita daga bakinsa.

Dattijon ya ce, "Ya'u, nawa rumbun a lissafe yake, ba ni da na kyauta. Amma ina neman 'yan ƙwadago. Ka wuni a gonata, mudu biyu."

"Tawa gonar fa, Baba? Ko noman firi ban ƙarasa ba."

"Wannan kuma kai za ka duba."

Ya'u ya ce wa kansa kwana uku zai yi a gonar mutane, huɗu a tasa. Ina! Mudu biyu a baki shida wuni ɗaya ne, in Hajo ta yi dabara ya kai rabin gobe. Kowace safiya sai ya tsaya a mararraba da fartanya a kafaɗa. In ya bi dama, gonarsa ce, amma yara su wuni ba a ɗora tukunya ba. In ya bi hagu, a ci yau. Hagu yake bi, yana cewa gobe. Ruwa kuwa bai fasa sauka ba, ciyawa ba ta jira shi ba.

Sai bayan mako uku ya taka gonarsa. Ciyawar harkiya ta kai masa ƙugu. Dawar ta yi rawaya, ta siranta kamar tsinken tsintsiya. Ya duƙa ya kama noma da cikin da babu komai, kunya biyu kawai ya yi jiri ya ɗebe shi. Ya zauna a cikin ciyawar yana hawaye, don ya san lokacin ceton ta ya wuce.

Da kaka ta yi, jaki bai sha wahala ba. Aka jera abin da ya samu a tsakar gida, tsohuwarsa ta fito tana dogara sanda ta ƙirga: dami goma sha ɗaya.

"Sauran na hanya ne, Ya'u?"

Kafin rani ya raba, rabin gonar da ya gada wurin mahaifinsa ya zama na wani.

Jama'a, abincin shekara tun ranar da ya shiga rumbu ake auna shi, ba ranar da ya kusa ƙarewa ba. Kowa ya ci daidai ƙarfinsa, ya kuma saurari mai yi masa tattali, domin masu yabon akushinka ba su ne za su ciyar da iyalinka da damina ba.