Guntun Sarƙa a Ƙarƙashin Sabuwar Mota

Tun da aka hana fetur, tsohon kamfanin motoci na Garkuwa ya koma ƙera akori-kura mai lantarki, amma har yanzu hannunsa bai faɗa ba. Da zarar an gano matsala, sai kamfanin ya kira motocin, su tashi da kansu su koma masana'anta, ko da kaya a bayansu.

Hajiya Tsahare mai fataucin tumatir ta san da haka, amma tumatir ɗinta ya nuna a Kadawa, babu abin ɗauka. Dillalin kamfanin, Malam Lurwanu, ya nuna mata wata mota fara sol.

"Sabuwa ce dal, Hajiya. Wannan samfurin ba ya komawa masana'anta."

"Haka kuka ce bara."

Ta zagaya motar, ta shinshina bayanta, ta ji ƙamshin sabulu. Sai ta tattare mayafinta, ta durƙusa ta leƙa ƙasa. Ga guntun sarƙa yana reto a ƙarfen baya, ɓawon bishiya maƙale a jikinsa.

"Malam, sabuwar mota, wa ya ɗaure ta a bishiya?"

Lurwanu ya saci kallon motar. Ya yafito Hajiya har bakin titi, nesa da motar, sannan ya rage murya.

"In dole sai kin saya, ki nemi sarƙar da ta fi wannan kauri. Kuma kada ki bar jikokinki su yi wasa a bayan motar."

Tumatir ba ya jira, don haka ta saya. Amma har direbanta ya kai su Kadawa, hannunta bai bar mariƙin ƙofa ba.