Tsarabar Sahara

"Tudun yashi ɗaya ya ninka dutsen Dala sau uku," in ji Muttaka. "Raƙumin ma sai da ya yi salati kafin ya hau."

Zauren surukinsa, Malam Ɗantani magini, ya cika da 'yan sannu da zuwa. Muttaka ya ɓace ne daidai satin da dangi ke tayar da katangar gidan da ruwa ya rushe, wai ubangidansa ya ja shi can bayan Agadas, inda ko sabis babu.

Muttaka ya miƙa wa surukin kwalba cike da yashi da hannu biyu. "Baba, ga tsaraba. Daga ƙololuwar tudun na ɗebo."

Tsohon ya zuba a tafin hannu, ya murza.

"Na sahara laushi gare shi kamar gari. Wannan na kogi ne, kuma ni na tankaɗe shi ranar Talata, da na je aikin gini gidan abokinka na Ƙofar Mazugal. Ina hango ka ta taga kana cin gurasa."

Ya nuna lungu da haɓa. "Ga shebur can. Mun rage maka ɓari guda na katangar."