Shanun da Ganin Wata Ya Raba

Wani manomi ne yake da sa guda ɗaya, maƙwabcinsa ma ɗaya, ga shi garmar shanu ba ta tafiya sai da biyu. Don haka kowace damina sukan haɗa shanun a karkiya guda, yau a yi huɗa a gonar wannan, gobe a gonar wancan. Shekarar da azumi ya faɗo a farkon damina, hadari ya rufe yamma ruf, babu wanda ya ga wata a garin. Maƙwabcin ya ji a rediyo an gan shi a wata ƙasa, masu lissafi ma sun ce ya tsaya, sai ya tashi da azumi. Manomin ya ce shi sai an gani a ƙasarsu, in ba haka ba ya cika Sha'aban talatin. Kowannensu da malaman da ya dogara da su, kuma malaman nan sun daɗe da saɓaninsu ba su daina gaisawa ba. Da hantsi maƙwabcin ya tarar da manomin yana shan fura a ƙofar gida, ya ja tsaki, ya ce wasu dai cikinsu ne limaminsu. Ran manomin ya ɓaci, ya ce gara shi da mai azumtar ranar shakka, ya kuma rantse sansa ba zai ƙara shiga karkiya ɗaya da na ɗan bidi'a ba.

Don Allah ina ruwan sa da ganin wata? Dabbar da ba ta sahur ba ta buɗa baki! Amma girman kai ya hana manomin lashe amansa, ɗayan ma ya hau dokin zuciya ya ƙi sauka. Abin takaici, mutanen da ya kamata su sasanta su sai suka rabu biyu suna zuga, kowa na yaba wa nasa da riƙon addini. Ruwa ya yi ta sauka, ƙasa ta yi laushi, shanu biyu na ɗaure a turke suna tuƙa. Manomin ya ɗauki garmar hannu da bakin azumi, kafin azahar jiri ya zaunar da shi. Ko rabin gona bai huɗe ba ciyawa ta haɗiye gero, gonar maƙwabcin ma haka. Da azumin baɗi ya zagayo, sararin sama ya yi tas, kowa ya ga wata da idonsa, gari duka ya ɗauka rana ɗaya. Sai dai rumbun manomin babu ko ƙwaya, ya sayar da san tun bazara don ciyar da iyali. Shi da maƙwabcin nasa suka haɗu a zauren wani attajiri, kowa da ƙwarya a hannu, suna jiran sadakar hatsin sahur, an rasa mai iya ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa.

Abin da Hausawa ke faɗi ke nan: garin neman gira an rasa ido.