Farin Murjani

Saura awa guda jirgin ruwa ya bar tsibirin Hatoma, Chiharu ta ce sai Seishin ya kai ta ta ga murjanin da ta dasa a ƙarƙashin teku a farkon hutunta. Ya tuƙa kwalekwalensa ya kai ta wurin. Ta leƙa ruwan, fuskarta ta washe.

"Dubi yadda ya yi fari fat, kamar kayan amarya. Sarkin shiru, har yanzu ba za ka biyo ni Osaka ba?"

Seishin ya nutsa, ya fito da dodon koɗi cike da tafin hannunsa, ya zuba a bokiti.

"Wannan farin mutuwa ce. Su suka cinye shi. Shekara tara kullum da safe nake tsince su, amma kwana shidan nan ina can ina yawo da ke."

Ta daɗe tana kallon ruwan. "To, in na zauna fa?"

Ya miƙa mata bokitin. Ta kawo hannu ke nan jirgin ya yi jiniya. Ta dubi agogonta.

Ya ajiye bokitin, ya juya kwalekwalen.