Hayaƙi a Gonarmu ta Tirwun

Ina aji biyar a firamare malaminmu ya ba mu labarin Kirik, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka. Ya ce sojoji sun yaƙe su, suka cinna wa gonakinsu na masara wuta, daga baya aka ƙwace ƙasar. In ma ya faɗa mana cewa abin ya daɗe da wucewa, ni dai ban ji ba.

Da la'asar Inna ta aike ni in kai wa Baba fura a gonarmu ta Tirwun. Tun daga nesa na hango hayaƙi ya turnuƙe daidai wajen. Na kwasa da gudu ina kuka, fura tana zuba mini a zane.

Na iske Baba tsaye da ɗanyen reshe yana tare bakin wuta.

"Baba, sojojin sun tafi?"

"Waɗanne sojoji kuma, Uwata? Sharar gona nake yi, damina ta ƙarato."

Na kwashe labarin na faɗa masa ina shessheƙa. Bai yi dariya ba. Ya ɗebo toka mai ɗumi ya zuba mini a tafin hannu, ya ce, "Tamu wutar kara kawai take ci. Wannan tokar tuwonki ce na bana."

Har yau in na ji ƙaurin karan dawa sai in sauke ajiyar zuciya. Sannan in tuna wata yarinyar Kirik da ta yi irin wannan gudun, ita kuwa sojojin ta tarar.