Bayan Waƙar Ƙarshe

Tun daga bakin zaure Halilu ya jiyo jitar. Ya tsaya cak da jaka a kafaɗa, mai kabu-kabun da ya ɗauko shi daga tashar Konni yana ta magana bai ji ba.

Ya san kiɗan nan kamar sunansa. Faifan farko ne na wasu Turawa huɗu masu gashi har kafaɗa: jita mai ƙugi kamar babbar mota na hawan tudu, ganga kamar ana rushe gini. Yana ɗan lakwal, makarantar boko, ya fara jin sa a motar Yahuza, direban da ke ɗauko siminti daga Malbaza. Ya roƙi aron kaset ɗin na yini ɗaya, ya ruga gida, ya lalubo wani kaset marar rubutu naɗe cikin ƙyalle a ƙasan kwallar innarsa. Ya cusa takarda a ramukansa da aka ɓalle don hana naɗi a kai, aka naɗa masa kiɗan a kasuwa.

Kaset ɗin nan ne ya juya masa kai. Shi ya sa ya haɗa jita da gwangwani da wayar birki. Shi ya fitar da shi Yamai, daga nan Kwatano, daga nan Abijan, garin da mahaifinsa ya je biɗa ya rasu tun Halilu bai iya ɗaura wando ba. Ya yi ta kaɗawa a gidajen rawa, shekaru suka taru. Waya sai da salla, wata sallar ma shiru.

Inna Barira ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Ranar da ta fara jin kiɗan yana tashi daga rediyonta, ta ciro kaset ɗin, ta juya shi a hannu, ta daɗe tana kallo, ta mayar. Daga nan magana ta ragu tsakaninsu. Ya ɗauka kiɗan ne ba ta so. Da zai tafi bai nemi albarkarta ba, kaset ɗin ma ya bar shi, don ya riga ya haddace. Albarkar nan ce ta dawo da shi, kuma duk hanya bai san da bakin da zai roƙa ba.

Sai ga ta a kan tabarma tana tsince wake, tsohon rediyon a gefenta yana ihu.

"Lale da baƙon Abijan!" in ji Halima, yayarsa, ta karɓe jakar. "Ka ji abin da ka bar muna. Kullum bayan la'asar haka muke sha. Har liman ya aiko, ta ce a gaishe shi. Kuma ba a tura mata gaba, ba a maido baya, tun da rediyon ya taɓa cin zaren. Sai an ji shi duka, gefe da gefe."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Halilu. Ashe tana kewarsa. Ashe ta yafe tun bai roƙa ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta shafa kansa, amma kunnenta na ga rediyon. Ya zaro wata 'yar sifika sabuwa daga aljihu.

"Inna, ga shi nan ciki garau, babu shiii. Ki jefar da wannan tsohon."

"Zamna," ta ce.

Ya zauna. Waƙar ƙarshe ce, wadda ya fi so. Jitar ta hau, ta hau, gangar ta buga bugun rufewa. A daidai nan yake kashewa ya juya tun yana yaro, bai taɓa jira ba. Hannunsa ya tafi da kansa.

Ta cafke wuyan hannun da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

Zaren ya ci gaba da juyawa. Shiii. Sai ƙarar ruwan sama a kan kwano, da tarin wani namiji.

"...to Barira, zaren ya kusa ƙarewa. Ki riƙe mani Halilu da kyau, ki ce mishi Baba na nan tahe da..."

Ƙas. Rediyon ya tsaya.

Ta saki hannunsa, ta jawo faifan wakenta.

"Gefe biyu ubanka ya cika yana yi muna magana," ta ce. "Abin da ka rage mani ke nan."